Tsakanin 59 da 60: yadda CGPA ke tare wa masu digiri na biyu hanya

Da yawa daga cikin masu karatun digiri na biyu a Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da ta kimiyya da fasaha da ke Wudil, ba mazauna birni ba ne. Akwai malaman sakandare daga Gwaram da Sumaila da Babura, akwai ma'aikatan ƙananan hukumomi da malaman gona, akwai kuma ƙananan malaman kwalejoji irin ta ilimi da ke Gumel ko foliteknik ta Kazaure. Niyyarsu ɗaya ce, su ci jarrabawa su karɓi takarda. Abin da ba a cika gaya musu ranar rajista ba shi ne, a wannan mataki cin jarrabawa daban, samun damar wucewa gaba daban. Mutum na iya cinye kowane kwas, ya kare kundinsa, a yaye shi, sai ranar da ya nemi gurbin digiri na uku ya tarar ƙofar a rufe take tun zangonsa na farko. Abin da ya rufe ta kuwa wata 'yar lamba ce da ake kira CGPA, wadda lissafinta bai fi ƙarfin ɗan firamare ba, amma mutane ƙalilan ne ke zama su yi shi da wuri.

Ga yadda ake fitar da ita. Kowane kwas yana da nauyinsa, wato yunit, galibi biyu ko uku. Makin da ɗalibi ya samu cikin ɗari ana mayar da shi harafi, kowane harafi kuma yana da kimarsa. Daga 70 zuwa sama A ce, kimarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, kimarta 4. Daga 50 zuwa 59 C ce, kimarta 3. Sai a ninka kimar harafin da yunit ɗin kwas ɗin: B a kwas mai yunit uku ta ba da 12, C ta ba da 9. A tara na dukkan kwasa-kwasai, a raba da jimillar yunit ɗin da aka yi wa rajista. Idan na zango ɗaya ne, shi ne GPA. Idan an haɗa tun daga farkon karatu, shi ne CGPA.

Duk wanda ya yi digirin farko ya san wannan. Inda ake tuntuɓe shi ne, tsanin digirin farko yana da matakala shida: bayan C akwai D ta 45 zuwa 49 mai kima 2, da E ta 40 zuwa 44 mai kima 1, sannan F. A karatun gaba da digiri, bisa ma'aunin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, makin tsira 50 ne, kuma galibin jami'o'i sun cire D da E gaba ɗaya. Wanda ya ci 49 ba 2 zai samu ba, sifiri zai samu. Saboda haka 3.00, wadda a digirin farko mai ita ke tsakiyar rukuni na biyu ƙarami, wato Second Class Lower, hankalinsa kwance, a nan ita ce daɓen ƙasa. Ma'anarta kawai ka tsira da ƙyar a kowane kwas. Jami'o'i da dama suna sharɗanta cewa kada ɗalibi ya sauka ƙasa da ita, wasu kuma sun sassauta zuwa 2.50. Wanda ya sauka sai a ba shi gargaɗi na zango guda, in bai farfaɗo ba a sallame shi.

Ɗaya iyakar kuma ita ce ta shiga digiri na uku. Jami'o'i da yawa a Najeriya suna neman 3.50 cikin 5.00 a digiri na biyu, wasu har 4.00. Jami'ar Ibadan ta yi suna da tata hanyar, inda ake duba matsakaicin maki: mai 60 zuwa sama ya wuce kai tsaye, na ƙasa da shi ya bi ta MPhil, wato digirin bincike da ke tsakanin na biyu da na uku. Ke nan tsakanin “ka ci” da “ka cancanci ci gaba” rabin lamba ne kacal, kuma a cikin wannan rabin lambar ake tace mutane.

Mu ɗauki tsarin da aka fi sani: yunit 30, wato 24 na darussa da 6 na kundin bincike. A ce darussan takwas ne, kowanne yunit uku, huɗu a kowane zango. Wanda ya samu C a duka takwas ya tara 72, a raba da 24, ya tashi da 3.00. Don ya kai 3.50 sai ya tara 84, wato aƙalla B huɗu da C huɗu. Yanzu a duba ɗalibai biyu. Na farko ya ci 59 a kowane kwas. Na biyu ya ci 60 a huɗu, 50 a huɗu. Matsakaicin makin na farko 59 ne, na biyu kuma 55. Amma a takarda na farko yana da 3.00, na biyu yana da 3.50. Wanda ya fi ƙoƙari a zahiri shi ne za a mayar wa da takardarsa. Wannan ba kuskuren wani jami'in jarrabawa ba ne, haka tsarin yake: ba ya ganin bambanci tsakanin 50 da 59, amma yana ganin gagarumin bambanci tsakanin 59 da 60. A ra'ayinmu nan ne babban rauninsa, kuma duk malamin da ke riƙe da jan biro ya kamata ya san cewa takardar da ta tsaya a 58 ko 59 ta cancanci a sake karanta ta da natsuwa, ba don a yi wa kowa alfarma ba, sai don a tabbata makin da aka ba ta shi ne nata.

Maganar faɗuwa ta fi wannan zafi. A jami'o'i da yawa, idan ka faɗi kwas ka maimaita, sabon sakamakon ba ya goge tsohon. Sifirin yana nan, yunit ɗinsa kuma yana cikin abin da ake rabawa da shi. Ɗalibin digirin farko mai yunit 120 da matsakaicin B, idan ya taɓa faɗuwa kwas ɗaya mai yunit uku ya maimaita, 480 za a raba da 123, ya sauko daga 4.00 zuwa 3.90. Ko a jikinsa. Ɗalibin digiri na biyu mai B a duka takwas kuwa, 96 za a raba da 27, ya sauko daga 4.00 zuwa 3.56. Cokalin gishirin da ya ɓace a tukunyar biki shi ne ke ɓata miyar mutum biyu. Shi kuwa mai B huɗu da C huɗu, wanda da ya tsaya cif a 3.50, kariyoba ɗaya, wato faɗuwa kwas guda da maimaita shi, ta mayar da shi 3.11. Mai C zalla ya koma 2.67, wato ƙasa da daɓen da aka ambata, har takardar kammalawarsa ta shiga haɗari.

Haka kuma hanyar gyara gajeruwa ce. A digirin farko mutum na da zango takwas, in ya yi barci a aji ɗaya ya farka a aji biyu. A nan zango biyu ne kawai na darussa. Wanda ya tashi da 3.00 a zangon farko, dole ya kawo 4.00 a na biyu kafin ya taɓa 3.50. Wanda ya samu C uku da F ɗaya, wato 2.25, sai ya kawo A uku da B biyu a kwas biyar da suka rage masa, har da wanda zai maimaita. Kuma kwas ɗin zangon farko ba a cika bayar da shi a zango na biyu ba, sai shekara ta zagayo. Ke nan sabon kuɗin rajista, sabon kuɗin mota, da sabuwar takardar roƙon ƙarin hutun karo ilimi a wurin aiki.

To me ya sa nauyin ya fi faɗa wa na karkara? Ba don sun gaza a ƙwaƙwalwa ba. Makin kwas kashi biyu ne: na cikin zango, wato tes da jinga da gabatar da takarda, wanda ke ɗaukar 30 ko 40, sai jarrabawar ƙarshe mai 70 ko 60. Mai zuwa daga nesa a kashin farko yake zubar da maki. A ce na cikin zango 40 ne, tes 20, jinga 20. Wanda ya samu 12 a tes da 14 a jinga yana buƙatar 34 cikin 60 a jarrabawa don ya kai B, abin da mai matsakaicin ƙoƙari zai iya. Wanda tes ɗin ya wuce shi, 46 cikin 60 yake buƙata, sama da kashi uku cikin huɗu na makin takardar. Tes ɗin kuma sau da yawa da daddare ake sanar da shi a zauren WhatsApp na aji, a ce gobe ƙarfe takwas. Na Kabuga ko Rijiyar Zaki a cikin birnin Kano ya gani ya kwana da shiri. Na wani ƙauye a bayan Birniwa, wanda wayarsa ke wurin mai caji ko sabis ya ɗauke masa, sai da hantsi zai gani, tsakaninsa da aji kuma tafiyar awanni.

Akwai kuma sharaɗin halartar lakca kashi 75 cikin ɗari kafin a zauna jarrabawa. In an yi zama goma sha biyu a zango, uku kawai aka yafe maka. Na huɗu ya sauko da kai kashi 67. Ba kowane malami ne ke tsaurarawa ba, amma wanda ya tsaurara doka na bayansa. Malamin makarantar da bai samu hutun karo ilimi a rubuce ba, yana satar kwana biyu a mako daga wurin aiki, shi ne ya fi shiga wannan tarko: ranar da masu duba makarantu suka zo daga ofishin shiyya ba shi da zaɓi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya sa wasu suka rage zuwa, suna zaɓen lakcar da za su halarta da wadda za su ari littafin wani su kwafa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata takwas a 2022 ya hargitsa kalandar jami'o'i, ta yadda jarrabawa kan faɗo a tsakiyar damina, lokacin noman farko ko na biyu, alhali rabin abin da ɗalibin ke biyan kuɗin makaranta da shi daga gonar yake fitowa. A shekarar ce kuma ambaliya ta yanke hanyoyi a sassan Jigawa, ciki har da yankin Haɗeja da Ringim. Lambar CGPA ba ta da gurbin rubuta ɗaya daga cikin waɗannan uzurori.

Amma doka tana da gurbinsu, in an bi ta kan lokaci, kuma a nan ne ake asarar da ta fi ciwo domin ana iya kauce mata. Kwas ɗin da ka yi wa rajista ba ka zauna jarrabawarsa ba, ba tare da izini ba, F ake rubuta masa. Wanda rashin lafiya ta kama, ko matar da haihuwa ta zo mata dab da jarrabawa, abin yi shi ne a rubuta takardar neman ɗage karatu ko ɗage jarrabawa, ta bi ta hannun kodinetan shirin da shugaban sashe zuwa makarantar karatun gaba da digiri, a haɗa da takardar asibiti, a kuma riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Faɗa wa malami da baki a bakin ofis, ya ce “ba komai, Allah ya ƙara sauƙi”, ba ya hana kwamfuta rubuta sifiri. Haka wanda ya sauya kwas na zaɓi bai cire tsohon daga rajistarsa ba kafin wa'adi ya cika: tsohon zai fito masa a matsayin faɗuwa. Wannan ya fi samun waɗanda ke aika wa mai shagon intanet bayanansu ya yi musu rajista su kuma suna gida. Lamba ɗaya ta kuskure a lambar kwas ta isa ka zauna jarrabawar da ba ka yi wa rajista ba, ka kuma faɗi wadda ba ka taɓa shiga ajinta ba. A buga takardar rajista, a karanta ta layi-layi, a sa hannu, a ajiye.

Kundin bincike shi ne dama ta ƙarshe, amma ba a ko'ina ba. Wasu jami'o'i suna ba shi harafi su sa shi cikin lissafi, wasu kuma “ya ci” ko “bai ci ba” kawai suke rubutawa. Inda ake lissafa shi, yunit shida nauyin kwas biyu ne. Mai B biyu da C shida yana da 78, wato 3.25. In kundinsa ya samu A, an ƙara masa 30, 108 a raba da 30, ya haura zuwa 3.60. In B ya samu, ya tsaya a 3.40. Tambayar ko kundi na shiga lissafi tana cikin abin da ya kamata ɗalibi ya nemi amsarsa a littafin dokokin makarantar tun makon farko, tare da tambayar ko ana goge F bayan maimaici.

Wannan matsin yana sauya yadda ake karatun kansa, kuma ba ta hanya mai kyau ba. Ɗalibin da ya gane lissafin yakan zaɓi kwas ba don bincikensa na buƙatarsa ba, sai don an ce malamin yana da sakin hannu. Kwas ɗin ƙididdiga da na dabarun bincike, waɗanda su ne ƙashin bayan digirin, ana shiga su da tsoro, a haddace a zubar a takarda, sai an zo babi na uku da na huɗu na kundi a rasa yadda za a yi, a koma neman wanda zai yi wa mutum nazarin alƙaluma da kuɗi. Malamin gona da ke da tambaya ta gaske a kan noman rani a fadamar Haɗeja yakan ajiye ta ya ɗauki batun da aka riga aka tattake, don kada ya saɓa da mai duba aikinsa. Kuma idan maki ɗaya na iya yanke wa mutum makoma, wanda ke riƙe da makin ya samu iko mai yawa a kan ɗalibi. Yawancin malamai suna riƙe wannan amana. Inda aka samu wanda bai riƙe ba, ɗalibai mata da waɗanda ba su san kowa a jami'a ba su ne ke fara ɗanɗanawa. Duk da haka ba ma goyon bayan masu cewa a watsar da tsarin. Kafin a zargi lamba a tuna abin da zai maye gurbinta: wasiƙar wane da sanin wane. Ɗan talaka daga Kiyawa da ya zo da 4.20 yana da hujjar da ba a iya musawa, kuma ba shi da wata in ba ita ba.

Ya kamata a kuma lura cewa lambar tana fara aiki tun kafin a shiga. Rukuni na biyu ƙarami faɗi gare shi, daga 2.40 zuwa 3.49, kuma sassa da yawa ba sa ɗaukar duk mai shi, sukan yanka a 3.00 ko kusa da haka idan masu nema sun yi yawa. Mai rukuni na uku da mai HND, wato babbar difloma ta foliteknik, galibi sai sun bi ta difloma ta gaba da digiri, PGD, ita ma kuma da nata sharaɗin CGPA kafin a wuce. Masu HND su kula da cewa ma'aunin foliteknik 4.00 ne, ba 5.00 ba, don haka 3.10 tasu babbar daraja ce, ba daidai take da 3.10 ta jami'a ba, kuma a fom a rubuta ma'aunin tare da lambar. Sannan akwai digirorin ƙwarewar aiki irin su MBA na gudanar da kasuwanci, waɗanda ake yi a ƙarshen mako kuma suka fi dacewa da ma'aikaci. Suna da amfani wajen ƙarin girma a ofis, amma jami'o'i da yawa ba sa karɓarsu a matsayin tsanin digiri na uku ko da mutum ya fito da 4.50. Tallafin karatu irin na asusun bunƙasa fasahar man fetur, PTDF, da na Commonwealth kuma yawanci sakamakon digirin farko suke fara dubawa, rukuni na biyu babba, wato 3.50 zuwa sama.

Ga malamin makarantar sakandare da ke son digirin don ƙarin mataki a albashi, 3.00 ta wadatar, kuma babu aibi a hakan. Amma ga ƙaramin malami a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ko wata jami'a, wanda ba zai kai babban lakcara ba sai da digiri na uku, 3.40 na nufin shekaru a tsaye wuri ɗaya, ko da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, na shirye ta ɗauki nauyinsa, domin sai da takardar samun gurbi ake ba da tallafin. Irin wannan ɗalibi tun ran gini tun ran zane: ya zauna da jerin kwasa-kwasansa a makon farko, ya fitar da jimillar da yake buƙata, ya san kwas mai yunit uku ya fi mai yunit biyu tasiri, ya nemi abokin aji amintacce mazaunin gari da zai kira shi a waya, ba saƙo ba, duk lokacin da aka sa tes. In da hali ya nemi wurin kwana kusa da makaranta na makonnin jarrabawa, domin kuɗin ɗaki na mako biyu bai kai kuɗin maimaita shekara ba.

Sassan jami'a ma akwai abin da ke hannunsu wanda ba ya cin ko sisi. Babbar matsala ita ce jinkirin fitar da sakamako: sau da yawa ɗalibi na gama zango na biyu bai ga na farko ba, ke nan lokacin da zai san yana 3.00 damar gyarawa ta riga ta wuce. A liƙa makin cikin zango kafin jarrabawa, a fitar da sakamakon wucin gadi kafin a rufe rajistar zango na biyu, a sanar da ranar tes da mako guda, a kuma faɗi sharaɗin 3.50 ƙarara a taron maraba da sababbin ɗalibai.

Wanda kuma aikin gama ya gama masa, ya fito da 3.20 ko 3.40, hanyoyi uku suka rage. Akwai MPhil a jami'o'in da ke yin ta, inda ake ƙara darussa da bincike na shekara ɗaya ko biyu, in ya kai makin da aka gindaya a mayar da shi ɗalibin digiri na uku. Akwai neman jami'ar da sharaɗinta ya fi sauƙi, domin ba duka suka tsaya a lamba ɗaya ba, sai dai a tabbata NUC ta amince da shirin. Akwai kuma sake wani digiri na biyu daga farko, wanda shi ne mafi tsada. Kafin ya zaɓi ɗaya, ya fara neman cikakkiyar takardar sakamakonsa daga makarantar karatun gaba da digiri, ya ninka ya tara ya raba da hannunsa. Akan samu kwas ɗin da aka lissafa sau biyu, ko makin maimaici da ba a shigar ba, kuma irin wannan gyara yana bi ta sashe zuwa majalisar jami'a, yana ɗaukar watanni, don haka a fara shi tun kafin a buɗe sayar da fom.